Ƙulin Farko

Ku yi ta dariyarku, ina jin ku. Tun ɗazu nake kallonku ta wutsiyar ido kuna zungurin juna, wai tsohuwa ba ta da haƙorin kirki ko ɗaya, amma ta tsame ƙuli guda ta daka a ɗan turmi ta watsa baki, ta naɗe hannu ta zauna, ga masu saye tsaye a zaure. To, su tsaya. Shekara nawa suna tsayawa, ba wanda ƙafarsa ta karye. Ku da kuka zo koyon sana'a shekaranjiya, kun kai gyaɗa inji an markaɗa muku, kun dawo kuna cewa ashe abin ba wuya, ku gyara zama in gaya muku abin da ya sa nake cin ƙulin farko, alhali duk Damagaram ba wadda ta kai ni ƙin ƙuli-ƙuli.

A hannun uwar mijina na koyi aikin nan, a gidanmu na cikin Birni. Iya muke ce mata. Wata biyu da tarewata ta zube mini gyaɗa tiya huɗu a tabarma ta ce in tsince. Na ce a raina wannan ai aikin yara ne. Kafin ta idar da walaha na gama, na kawo mata ina yauƙi.  Ta juye a faifai, ta sa yatsa tana tonawa, ta fiddo ruɓaɓɓu guda bakwai ta jera mini su a kan gwiwa. Ta ce, "Cinye." Na ci ɗaya, ɗaci ya kai mini har ƙeya. Ta ce, "Saura shida, 'yar nan. Abin da kika so ki ba mutane ke nan." Wata uku ina tsinta kawai, ko muciya ba ta bari na taɓa ba.

Daga nan sai suya. Da yashi muke soya gyaɗa a cikin babban kasko, kana juyawa hayaƙi yana cin idonka. Iya ba ta kallon kasko. Tana daga bakin ɗaki tana kaɗi za ta ɗaga hanci ta ce, "Sauke, ta yi." In na ce da saura, sai ta ce, "Ido maƙaryaci ne a sana'ar nan. Hanci da harshe su ne ma'aikata." In ta huce a murje, a sheƙe jar fatar da faifai, a niƙa a kan dutse har kafaɗa ta daina jin taka ce. Sannan a zuba a turmi. Turminmu na ƙirya ne, ya sha mai har ya yi baƙi yana ƙyalli, yana nan a ɗakin can, ku je ku gwada ɗaga shi. Ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya. Ka yi gaggawa ka zuba da yawa, ƙullu ya kwance, mai ya ƙi tasowa, ka yi asarar yini. Ka yi rowa, ka juya har la'asar ba ka ga ɗigo ba. In ya tashi tasowa kuwa, sai ka ga turmi ya kawo ido, a kwashe da ludayi, a matse tunkuza a kan dutse, a mulmula, a soya ta a cikin man da ya fito daga jikinta.

Ranar da na fara suyar ƙuli da hannuna, na tsame na farko zan jefa a kwando, Iya ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce, "Na farko na mai suya ne. Ba don albarka ba. Don in akwai mugun abu a ciki, ya tsaya a kanki." Na ce to. Kuma na riƙe, har na yi cikin fari.

Cikin nan shi ya raba ni da ƙuli. Ko ƙanshinsa na ji sai zuciyata ta tashi, kuma bayan na haihu abin bai koma ba. Ni dai a ba ni tsami. Kunun tsamiya, miyar yakuwa, kwaɗon zogale in an matsa lemo, da shayi mai kanumfari in ƙirji ya dame ni, don hayaƙin sana'ar nan ya bar mini tari tun ina da ƙuruciya. Haka na zauna ina soya abin da ba na ci.

Mace na haifa, aka mayar mata da sunan Iya. Kun ga ƙofa biyu ke nan aka rufe mini: ga ta 'yar fari, ga ta da sunan suruka. Ku 'yan yanzu kuna goya ɗan fari kuna kiran sunansa a tsakiyar kasuwa har da sumba, mu a lokacinmu ko kallon kirki ba ka yi masa a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Iya ke kiranta Takwara, a ɗakinta take kwana. Amma yarinyar akwai son ƙuli. Tun tana rarrafe take zuwa bakin murhu. Sai na riƙa tsame na farko in hura, in ajiye a gefen dutse ba tare da na dube ta ba, ita kuma ta ɗauka. In ta yamutsa fuska na san gishiri ya yi yawa. In ta miƙo hannu na san ya yi. Na ce a raina ai ga harshe na samu. Gaskiyar magana kuwa, ba ni da wata hanyar da zan nuna mata ina sonta sai wannan. Iya ta gani ta ƙyale ni, don ita ma ta san abin da nake yi.

Kafin shekarun fari da yunwa muna cikin rufin asiri. Masu kilishi suna aikowa a saya musu tunkuza, masu kwaɗo suna sayen ƙuli, matan ma'aikata suna turo butali, wato kwalba, a cika musu da mai. Gyaɗa kuwa Malam Sanda ke kawo mana, wani manomi daga wani ƙauye gaba da Droum. Shekara goma yana ɗaure jakinsa a ƙofar gidanmu, bai taɓa cusa mana tsakuwa a ƙasan buhu ba. In ya zo Iya ta dama masa fura, su yi ta gardamar wace ƙasa ta fi gyaɗa mai mai, tasu ko ta wajen Gaffati.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekara ta farko aka ce ta baɗi, ta baɗin ta zo ta fi muni. Gyaɗa ta ƙi sam. Mutanen arewa suka gangaro ba dabba ko ɗaya, suka zube a bayan gari. Rijiyoyi suka ja baya, ruwan garwa ya zama abin lissafi. Jar dawar taimako muke tuƙawa, tuwon da ko kare sai ya yi shawara. Maigidana baduku ne, ba mai sayen takalmi da yunwa a ciki, ya tafi Kano neman abin yi. Idon Iya ya fara rufewa, sai da sanda. Ga ni da ita da yarinyar, lokacin tana shekara bakwai, an sa ta lakwal, makarantar boko ke nan, da ƙaninta a goye. Sati uku murhun suya bai ga wuta ba. Tsoro nake kwana da shi nake tashi da shi, don in ban soya ba ba mu ci.

Ana cikin bazara, zafi kamar ya tsaga dutse, sai ga sallamar Malam Sanda. Ba jaki, a ka ya ɗauko. Ya rame har na so in kasa gane shi. Ya sauke ɗan buhu ya ce, "Uwar gida, ga 'yar gyaɗa, ki ba ni abin da zan auni hatsi." Na buɗe, na ga gyaɗa manya-manya, iri ɗaya, ba ruɓaɓɓiya ko guda. Na ga fatarta ta ɗan yamutse kamar wadda ta sha ruwa aka shanya. Wallahi na gani. Iya ta sha gaya mini, gyaɗar da ta yamutse a tambayi dalili. Kuma na san lokacin ne ake raba wa manoma irin shuka, wanda ake barbaɗa wa jan magani don ƙwari da ɓera. Amma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Na kai hanci, ban ji komai ba, mura ta toshe ni kwana huɗu, ko hayaƙi ba na ji. Iya tana ɗaki kwance. Da na kai mata tafi ɗaya ta shinshina, da labarin ya ƙare a nan. Ban kai ba. Na auna na biya shi, ya tafi bai ko tsaya shan ruwa ba.

Da la'asar na soya na murje na sheƙe. Jar fatar na tara a ƙwarya, don a shekarar nan ba a zubar da komai, kaji huɗu suka rage mana. Da asuba na juya, mai ya taso da kyau har na yi hamdala. Rana na fitowa na ɗora kasko. Yarinyar ta fito da allonta na lakwal ta tsuguna a inda ta saba. Na tsame na farko na hura na ajiye a gefen dutse. Ta cinye ta miƙo hannu. Na ƙara mata biyu. Sati uku rabonta da shi, sai na ɗebi wasu na ƙulle mata a bakin ɗankwali, ban dube ta ba na ce, "Ke, wuce kar ki makara."

Na gama suya, na kwaɓa fatar nan da ɗan dussa na zuba wa kaji, na shiga wanke turmi. Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da na ji wani irin fuka-fuki a bayana. Na waiga. Wake-waken kazata tana juyawa a wuri ɗaya, wuya a murɗe. Ta faɗi tana shure-shure. Ta biyu ta taka ta kife. Zakaran yana tsaye baki buɗe, yawu na zuba.

Na tsaya da muciya a hannu. Na dubi kajin, na dubi ƙwaryar, na dubi kwandon ƙuli. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!  Na sunkuce ɗan goye na jefa a baya, na fita ba takalmi ba mayafi. Iya tana kira daga ɗaki, "Lafiya? Ke 'yar nan, lafiya?" Abin da na iya ce mata kawai, "Guba, Iya! Ta ci guba!"

Ban san yadda na ratsa lungunan Birni ba. Yashi yana ƙona tafin ƙafata ban ji ba sai washegari. Na faɗa farfajiyar lakwal, yara duk suna cikin aji. Wani mushe dogo, malamin makarantar, ya fito da alli a hannu ya tare ni. Na ce, "'Yata! A fito da ita, ta ci magani!" Ya ce, "Madam, kwantar da hankali. Wace ce? Yaya sunanta?"

Kun san bakina ya ƙi buɗewa? Shekara bakwai ban taɓa furta sunan nan ba. Na ce, "Yarinyar gidanmu, 'yar baƙa, mai ɗankwali shuɗi." Ya ce, "Yara sun fi a ƙirga a nan, madam. Suna!" Ina tsaye ina kunya, 'yata tana can guba na cin cikinta. Har yau in na tuna wannan tsayuwar sai na ji haushin kaina. Sai na ture shi, na tsaya a tsakiyar fili na buɗe murya iyakar ƙarfina: "Falmata! Falmata!"

Ta fito daga aji na ƙarshe tana dafa bango. Ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, sai ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba. Leɓenta ya yi fari, gumi ya jiƙa mata riga. Ta ce, "Inna, kaina ke juyawa." Ta taka biyu ta zube, jikinta ya hau karkarwa, haƙora suka datse.

Allah Ya saka wa mushen nan. Ya kwance bakin ɗankwalin, saura guda biyu. Ya daka wa ajin tsawa, wa ya ci? Yara biyu suka ɗaga hannu suna kuka, guda ɗaya suka raba. Ya saɓi tawa a kafaɗa, wani ya kamo waɗancan, muka yi likita, wato asibiti, da gudu.

Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, yana ɗaki da wani mara lafiya, aka shimfiɗe ta a baranda ana buga masa ƙofa. Mata suka taru, kowa da nata. "A ba ta nono." "A ɗura mata mai ta amayar." Sai ga Iya, wata maƙwabciya ta riƙo mata sanda, tana haki, da butali a hannu. Ta ji an ce guba, ta san maganin guba a wurinmu mai ne, ta laluba ta ɗauko wanda ya fi kusa. Ta durƙusa ta tallafi kan yarinyar tana cewa, "Takwara, buɗe baki, buɗe ki sha." Na dubi butalin. Man da na matse da asuba ne, ko hucewa bai gama ba.

Na kai wa hannun uwar mijina duka. A gaban jama'a. Butali ya yi sama ya fashe a kan siminti.  Na ce, "Iya, man ne gubar. Gyaɗar ce. Irin shuka na saya."  Ta shafa ƙasa ta dangwali man da yatsa ta kai hanci. Sau ɗaya ta shinshina. Ta juyo da idon nan nata da ba ya gani sosai ta ce, "Wa ya ci na farko?" Na juya na dubi yarinyar. Ba ta sake tambaya ba, har ta koma ga Allah.

Majo ya fito ya ɗauke ta. Da ya ji batun mai ya ce da an ɗura mata, ko mai kyau ne, da ya ƙara tura maganin cikin jiki. Suka sa mata roba ta hanci suka wanke cikin, suka yi allura, suka ɗaura ƙarin ruwa. Ina daga taga ina kallo, duk karkarwar da ta yi sai na ji kamar a jikina. Na ce ya Allah, in rai za Ka ɗauka ga nawa, ni na saya, ni na soya, ni na miƙa. Yaran nan biyu amai kawai suka yi aka sallame su. Tawa ba ta buɗe ido ba har aka yi azahar, aka yi la'asar. Majo ya ce shi dai ya yi nasa.

Ina zaune sai na tuna kwandon ƙuli yana tsakar gida, ƙofa a buɗe, a shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman hatsi. Na bar Iya a wurinta na ruga. Allah Ya sa ba wanda ya shiga. Na ɗauko kwandon zan kai bayan gida, sai ga wata mata a zaure, cikin mutanen da suka gangaro, da yara biyu duk kai da ciki. Ta ga ƙuli ta miƙo hannu biyu. Na ce guba ne. Ta ce, "Ba ni haka nan, baiwar Allah. Yunwa ma guba ce." Ta kama bakin kwandon, muka yi ta ja. Da ƙyar na fizge, na shige na juye shi duka a masai, da man, da kajin. Ina jin ta tana tsine mini. Na ɗebo jar dawar da ta rage mana na ba ta rabi, ba ta ko dube ni ba.

Da na koma likita rana ta yi ja. Na tarar Iya tana shafa mata kai, idonta biyu. Ta dube ni ta ce da ƙaramar murya, "Inna, ɗazu ke kika kira ni?" Na ce, "Ni ce." Kwana shida muka yi aka sallame mu.

Malam Sanda ya dawo bayan an yi shuka, ba kaya. Labari ya kai masa. Ya tsuguna a zaure ya ƙi shigowa. Na fito da maganganu cike da baki, na tanade su tun a likita. Ya ce, "Sau uku na wanke ta, uwar gida, da ruwan da za mu sha. Na ga jan ya fita, na ɗauka shi ke nan. Mu ma ita muka dafa." Na ce, "Yaran fa?" Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa. Ban ƙara tambaya ba, na shiga na dama masa abin da ya samu. Bai sake zuwa Damagaram ba.

Na yi wata biyu mutanen unguwa ba sa sayen ko ɗigon mai a hannuna, kuma ban ga laifinsu ba. Da gyaɗa ta dawo, a bakin ƙofa na riƙa ɗora kasko, in tsame na farko in cinye a gaban kowa, zuciyata na tashi, in zauna in jira. A haka suka dawo ɗaya bayan ɗaya. To kun ji. Inji zai markaɗa muku duk abin da kuka zuba masa, ba ya shinshinawa, ba ya tambaya. In kuka ga gyaɗa ta yi kyau fiye da shekararta, ku tambaya. In hancinku ya toshe, ku ari na wata.

Yarinyar tana nan da ranta, tana aure a Gidimuni, har ta aurar da 'ya. Tun daga ranar ba ta sake sa ƙuli a baki ba. 'Ya'yanta sun ɗauka ƙi ne kawai, irin nawa, suna cewa gado ta yi. Da sallar bana ta zo, na dama mata fura da hannuna na miƙa mata. Muna hira tana dariya, ta karɓa, ta kai ƙwaryar hanci ta shinshina, sannan ta sha. A gidan kowa ba ta yin haka, na lura. Ita ba ta ma san tana yi ba, ni kuwa ban taɓa gaya mata ba.

Ke mai jan kallabi, tashi ki ce wa na zaure su shigo. Ƙulin ya zauna mini lafiya.